Bushewar baki bayan gashin ciwon daji: yadda ake taimaka wa maɓuɓɓugan yawu su farfaɗo

Wanda aka yi wa gashin ciwon daji a kai ko a wuya, wato rediyoterafi, inda na'ura ke ƙona ƙarin da haske mai ƙarfi, yakan dawo gida Gombe da wata lalurar da ba ita ta kai shi asibiti ba. Ƙarin ya sace, amma lomar tuwo ba ta wucewa sai da kurɓin ruwa. Harshe yana manne wa ganɗa, magana ta minti biyar sai an jiƙa baki, da dare kuma a farka sau uku sau huɗu ana laluben kofi. Idan aka yi rashin sa'a gashin ya ƙare a bakin hunturu ko a zafin Maris da Afrilu, abin ya fi tsanani.

Tambayar kowa ɗaya ce: yawun zai dawo? Yakan dawo, amma ba duka ba, ba da wuri ba, kuma ba ga kowa ba. Abu biyu ne ke yanke hukunci: yawan hasken da ya sauka a kan maɓuɓɓugan yawu, da kuma yadda jiki ya gyara ɓarnar daga baya. Na farko yana hannun likita. Na biyu ne majinyaci da masu jinyarsa ke da ta cewa a kai.

Inda yawu ke fitowa

Manyan maɓuɓɓugan yawu guda shida ne, uku a kowane ɓari. Mafi girma tana gaban kunne, ita ce ke kumbura idan yaro ya yi hangum. Yawunta tsinkakke ne kamar ruwa, kuma ta fi aiki lokacin tauna. Ta biyu tana ƙarƙashin muƙamuƙi, ita ke ba da kusan kashi biyu cikin uku na yawun da ke jiƙa baki sa'ad da mutum ba ya cin komai. Ta uku ƙarama ce a ƙarƙashin harshe. Ban da su akwai ɗaruruwan ƙanana a leɓe da kumatu da ganɗa. A haɗe suna ba lafiyayyen mutum rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a yini.

Gashin ciwon daji na kai da wuya yawanci yakan kai 60 zuwa 70 a ma'aunin yawan hasken da ake kira gire, wanda za ka ga an rubuta Gy a takardarka. Ana ba da 2 kullum, kwana biyar a mako, na tsawon mako shida zuwa bakwai. Tun a makon farko yawu kan ragu da kusan rabi. Ƙwayoyin da ke yin tsinkakken yawu su suka fi jin jiki, shi ya sa abin da ya rage yake yin kauri yana yauƙi, ya ƙi haɗiyuwa ya ƙi tofuwa. Idan aka ci gaba, hasken kan taɓa ƙananan hanyoyin jini da jijiyoyin da ke ba maɓuɓɓugar umarni, daga baya tabo ya cike gurbin naman da ya mutu. Tabo kuwa ba ya yin yawu.

Aikin sojojin jiki a cikin gyaran

Mutane sun san sojojin jiki da yaƙar cuta. Amma akwai wani rukuni nasu da ake kira makurofaj, waɗanda aikinsu ya fi kama da na masu gyaran gona bayan gobarar daji. Suna zaune dindindin a cikin maɓuɓɓugar yawu, a jikin bututun da yawu ke bi da kewayen ƙwayoyin da ke tatso shi. Idan wata ƙwayar halitta ta mutu ko ta lalace, su ke haɗiye ta su share wurin, sannan su saki sinadaran da ke sa ragowar ƙwayoyin su hayayyafa su cike gurbi.

Gashi ba ya barin su su ma. Suna raguwa, sai ɓargo ya aiko da sababbi ta cikin jini, waɗanda ake kira monosayit, su shiga maɓuɓɓugar su rikiɗe su ɗauki aikin. A 2023 masu bincike a Jami'ar Edinbara ta Sukotland sun nuna a jikin ɓeraye cewa idan aka kawar da makurofaj bayan gashi, ƙwayoyin da suka lalace suna taruwa, maɓuɓɓugar ba ta ginuwa yadda ya kamata, yawun ma ba ya dawowa sosai. Wato hasken ne ke yin ɓarna, amma ko za a tashi daga ɓarnar ya danganta da masu sharar.

Akwai ɗaya fuskar. Idan kumburi ya ƙi ƙarewa, saboda ciwon baki da ke ta dawowa ko hayaƙin taba ko ruɓaɓɓen haƙori, waɗannan sojojin suna iya karkata zuwa sakin sinadaran da ke sa tabo. Don haka abin nema ba "ƙara ƙarfin garkuwar jiki" ba ne kamar yadda masu talla da lasifika ke faɗa a bakin kasuwa. Abin nema shi ne a bar su su yi aikinsu cikin natsuwa: a ciyar da jiki, a hana baki kamuwa da cuta, kada a danne su da magungunan da ba likita ya rubuta ba.

A lura da kyau: binciken ɓera ne. Babu allura ko ƙwaya a kemis yau da ke gyara makurofaj na maɓuɓɓugar yawu. Ana gwajin dashen ƙwayoyin halitta da gyaran ƙwayoyin gado a Turai da Amurka, amma gwaji ne. Duk wanda ya ce yana sayar da irin wannan magani a kwalba, kuɗinka yake so.

Kafin a fara gashin

Idan wannan rubutu ya riske ka ba a fara ba, to ka yi sa'a, domin a nan ake cin rabin yaƙin. Ka tambayi likitan da zai yi maka gashin kai tsaye: "Likita, za a iya kare maɓuɓɓugar gaban kunne ko da ɓari ɗaya ne?" Ƙa'idar da ake bi ita ce matsakaicin hasken da zai same ta kada ya wuce gire 26, idan kuma ɗaya kaɗai za a iya karewa, a yi ƙoƙari ta tsaya ƙasa da 20. Akwai salon gashi da ake kira IMRT wanda ke lanƙwasa hasken ya bi siffar ƙarin ya kauce wa lafiyayyen nama. A wani gwaji da aka yi a Birtaniya aka buga a 2011, bayan shekara ɗaya kashi 38 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa IMRT ne ke da bushewar baki matsakaiciya ko mai tsanani, a tsohon salo kuwa kashi 74. Ba kowace na'ura ke yin sa ba, kuma wani lokaci ƙarin ya matso maɓuɓɓugar ta yadda kare ta zai zama kare ciwon. A nan rai ke gaba da yawu.

Sai haƙora. Ka je sashen haƙori, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ko a inda za a yi gashin, a duba bakin duka, a wanke, a cike kogo. Haƙorin da ba zai tsira ba a cire shi aƙalla kwana 10 zuwa 14 kafin ranar farko, don ramin ya rufe. Dalili zai zo a ƙasa.

Auna yawunka da kanka

Baki yana ruɗi. Ranar da aka yi iska sai ka ji kamar an koma baya, ranar da aka yi ruwa ka ji kamar an warke. Awo ne ke raba gardama, kuma ba ya bukatar komai sai ƙaramin kofi mai tsabta, agogo, da sirinji mai cin mililita 5 wanda aka cire wa allura.

Da safe, tsakanin ƙarfe tara zuwa sha ɗaya, bayan ka yi aƙalla awa ɗaya ba ci ba sha ba goge baki, ka zauna ka haɗiye abin da ke bakinka. Ka sunkuyar da kai, ka bar yawu ya riƙa zuba cikin kofin da kansa na minti 15. Ban da magana, ban da motsa harshe don tatsowa. Ka jira kumfar ta kwanta, ka zuƙe da sirinji ka karanta. Lafiyayyen baki kan ba da mililita 4 zuwa 6. Mililita ɗaya da rabi ko ƙasa da haka shi ne ƙarancin yawu na sosai. Ka rubuta a littafi da kwanan wata, sau ɗaya a wata, a lokaci guda. Inda mutane ke kuskure shi ne su auna yau da asuba, wata mai zuwa bayan cin abinci, sannan su kwatanta. Farfaɗowa kan ɗauki wata 12 zuwa 24, don haka ƙarin rabin mililita a wata uku ci gaba ne, ba abin rainawa ba.

Kurkure baki

A lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, a zuba cokalin shayi ɗaya na gishiri da cokalin shayi ɗaya na bekin soda. A kurkure sau huɗu zuwa shida a yini, da kuma bayan kowane abinci, a tofar. A haɗa sabo kullum. Sodar tana tsinka yawun nan mai yauƙi, tana kuma kashe tsamin baki, aikin da yawu ke yi a da.

Kuskure uku ake yawan yi. Na farko sayen bekin foda ta yin cincin da kek a maimakon bekin soda. Ba ɗaya ba ne. Na biyu sa kanwa ko ungurnu wai ai duk ɗaya ne. Kanwa ba ta da tsayayyen ƙarfi, tana zuwa da ƙasa, kuma tana iya ƙona fatar bakin da gashi ya riga ya sa ta yi laushi. Na uku sayen ruwan kurkure baki na kanti mai sinadarin barasa a ciki, wanda ke ƙara busar da baki ya kuma yi raɗaɗi. Idan gishirin ma yana zafi saboda gyambon baki, a rage shi rabi.

Tayar da abin da ya rage

Maɓuɓɓugar da ta tsira tana amsa tauna. Cingam marar sukari, musamman mai sinadarin zailitol, na minti 10 zuwa 15 bayan abinci da tsakanin abinci, shi ne mafi sauƙi. Wanda ba ya son cingam ya tauna gurji ko kokwamba ko kankana mai sanyi.

Tsami ma yana tatso yawu, kuma nan ne tarkon yake. Tsamiya, lemun tsami, zoɓo, lemun kwalba: duk suna sa baki ya kawo ruwa na ɗan lokaci, amma ɓawon haƙori yana fara narkewa idan tsamin baki ya ƙaru har ma'aunin tsami na pH ya sauka ƙasa da 5.5, kuma babu yawun da zai wanke shi. Haka tsotson alewa da minti mai sukari duk yini. Mutum ya yi wata shida a haka sai haƙoran su fara cinyewa daga gindi, a daidai bakin dasashi, su yi baƙi su karye. Idan an sha kunun tsamiya, a sha shi tare da abinci, a kurkure da ruwan soda, a jira rabin awa kafin a goge.

Tausa tana taimakawa wajen fitar da yawu mai kauri da ya tsaya a bututu. Da yatsu biyu, a shafo daga gaban kunne zuwa tsakiyar kunci, domin bututun yana buɗewa ne a cikin kunci daura da matauni na biyu na sama. Ta ƙasa kuma daga kusurwar muƙamuƙi zuwa haɓa. Minti ɗaya ko biyu, sau biyu a yini. Amma sai fatar ta warke sarai, kuma ba a tausa inda ake jin ƙullutu; wannan na likita ne.

Akwai ƙwaya mai suna filokafin, a kwali ana rubuta Pilocarpine. Ana fara ta da miligiram 5 sau uku a yini, kuma sai an yi mako 8 zuwa 12 kafin a ce ta yi ko ba ta yi ba. Tana matsa wa maɓuɓɓugar da ke da sauran rai ne kawai, ba ta tayar da matacciya. Babbar matsalarta gumi, sai yawan fitsari da murɗar ciki, kuma a zafin Gombe gumin na iya kwashe ruwan jikin da ake tattali. Ba a ba mai asma da ba ta lafa ba, ko mai wani nau'in hawan jinin ido, kuma mai ciwon zuciya ko huhu sai da lura. Likita ne ke rubuta ta.

Don dare, yawun roba na feshi ko na shafawa yana da amfani idan an samu. Idan babu, ɗigon man zaitun ko man shanu a shafe harshe da cikin kumatu kafin kwanciya. Da hunturu a rataya jiƙaƙƙen tawul kusa da gado, kada fanka ta bugi fuska, kuma a magance toshewar hanci, domin mai barci baki buɗe ya tashi da harshe kamar busasshen ƙirgi.

Magungunan da ke mayar da hannun agogo baya

Wannan sashe a karanta shi tare da mai jinya. Majinyaci ya rame, ba ya cin abinci, sai dangi su sayo maganin ƙara cin abinci. Yawancin irin wannan ruwan magani yana ɗauke da sinadarin safroheftadin, wanda shi kansa busar da baki yake yi. An so gyara an ƙara ɓatawa. Haka Piriton da yawancin magungunan mura, Buscopan, amitiriftilin, tiramadol, kodin, da magungunan sa fitsari. Mafi muni su ne ƙwayoyin sa ƙiba irin su deksametazon, da ake kira sha ka fashe: suna danne sojojin jikin da ake bukata, suna buɗe wa fangas, wato ƙwayar cuta dangin fumfuna, ƙofa, suna tayar da sukari. Ka tattara duk abin da kake sha, har na gargajiya, a leda ɗaya ka kai wa likita. Wanda likita ya rubuta kada ka daina da kanka, ka nemi a duba ko akwai madadinsa.

Taba, shisha, anwuru da barasa ba su da gurbi a nan. Goro da shayi mai kauri suna ƙara ɗaure baki. Wanda ba zai iya bari ba ya rage.

Abinci

Ɓargo ba zai ƙera sababbin sojoji ba tare da abinci mai gina jiki ba. Ana so mai ciwon daji ya samu giram 1 zuwa 1.5 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa kullum, wato mai kilo 60 yana bukatar giram 60 zuwa 90. Ƙwai ɗaya kusan giram 6 ne, ka ga ba ƙaramin aiki ba ne ga wanda haɗiya ke wa wuya. A raba abinci gida biyar ko shida.

Girkinmu ya dace da wannan lalura fiye da yadda ake zato. Miyar kuɓewa, karkashi, kuka da lalo suna da yauƙin da ke maye gurbin yawu. A yi tuwon da laushi, loma ƙanana, miya da yawa. Kunun gyaɗa da madara, alale, awara mai laushi a cikin miya, farfesun kifi marar yaji, dafaffen ƙwai da aka murje da man shanu, kindirmo wanda bai yi tsami ba. Kilishi, tsire da yaji, ƙuliƙuli, busasshen burodi da soyayyar gyaɗa su jira tukuna. Ruwa lita 2 zuwa 3 a yini, kurɓi kurɓi, sai fa mai ciwon ƙoda ko zuciya da aka ƙayyade wa. Mai ciwon sukari ya san cewa hawan sukari kansa yana busar da baki. Batun azumi kuwa, a tambayi likita a tambayi malam tun kafin wata ya kama. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame.

Haƙora, har ƙarshen rayuwa

A goge sau biyu a yini da burushi mai laushi da man goge baki mai fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, mai ƙarfin 1450, lambar tana jikin kwali. A tofar, kada a kurkure da ruwa bayan nan, a bar fuloraid ɗin ya kwana a haƙori. Likitan haƙori na iya rubuta mai ƙarfin 5000, ko ya yi maka mazubin roba daidai bakinka da za ka riƙa sa man fuloraid na minti biyar kullum. Asuwaki ba laifi idan dasashi ya warke, a jiƙa shi ya yi laushi sosai, amma ba ya maye gurbin fuloraid. Gawayi da toka da gishiri tsagwaro suna kankare haƙori. A ga likitan haƙori duk wata uku zuwa shida.

Ga dalilin cire haƙora tun kafin gashi. Ƙashin muƙamuƙin da haske ya ratsa jininsa ya ragu, kuma ba ya komawa yadda yake. Idan aka cire haƙori a wurin, ko bayan shekara biyar ne, ramin na iya ƙin rufewa, ƙashin ya fito fili ya mutu. Don haka babu cirar haƙori wurin wanzami ko a kemis, kuma duk likitan haƙorin da za ka gani, kafin ka buɗe baki ka ce masa an yi maka gashi, ka nuna takardar da ke ɗauke da yawan giren da wurin da aka haska.

Abin da ba a jira da shi

Yawu yana ɗauke da sinadaran kashe fangas da ƙwayoyin cuta, wasunsu sojojin jikin da ke zaune a maɓuɓɓugar ne ke haɗa su. Idan ya ƙafe, fangas mai suna kandida kan mamaye baki. Wani lokaci farin abu ne kamar gudajin kindirmo a harshe da kumatu, amma a busasshen baki ya fi zuwa da ja kawai da raɗaɗi da tsagewar gefen leɓe, har a ɗauka zafin gashin ne bai wuce ba. Ana magance shi da nistatin ko fulukonazol bisa rubutun likita. Ruwan nistatin yakan zo da sukari, a tambayi likita yadda za a kare haƙora. Mai haƙoran roba ya cire su da dare ya wanke, in ba haka ba cutar za ta yi ta dawowa.

A koma asibiti cikin kwana ɗaya ko biyu idan gaban kunne ko ƙarƙashin muƙamuƙi ya kumbura da zafi da zazzaɓi, ko ana ɗanɗanar mugunya a baki, ko ruwa ma ya ƙi haɗiyuwa, ko fitsari ya ragu ya yi duhu. Haka idan gyambon baki ya wuce mako biyu bai warke ba, ko sabon ƙullutu ya fito a wuya, ko aka ga farin ƙashi a dasashi, ko baki ya fara ƙin buɗewa. Gwajin na ƙarshen nan mai sauƙi ne: jera yatsunka uku a tsaye tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa. Idan a watan jiya suna shiga, yau biyu ne kawai ke shiga, a faɗa wa likita a fara motsa muƙamuƙin kafin tabon ya ƙanƙame.